Maganar da ban faɗa wa Sani ba

Ina riƙe wa wani ɗan Caina tsani yana ɗaura mana sola a Zongo, sai na tambaye shi me ya karanta a jami'a.

"Aikin jarida," in ji shi.

"To me ya kai ka sola?"

"Lokacin hutu makaranta kan tura mu gwada sana'o'i. Da na canza sana'a, babana ya ce: je ka, in ba ta yi ba, gida na nan."

Nan take na tuna da abin da na yi. Bara ƙanena Sani ya bar karatun lauya don gyaran waya, na ce ya zubar mana da mutunci. Ya tattara ya koma unguwar Agla, ko Sallah bai zo ba.

Jama'a, da wane baki zan kira shi?