Ragowar Tsohon Kaset

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai ɗauke ranar da na ƙi danna maɓalli ɗaya tak a wani ajin firamare a Gwarzo, na kusa sa abokina ya suma a tsaye.

Ni da shi tare muka tashi a Kabo. Lokacin da aka shiga matsi, gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, muna samari, ba mu da komai sai zafin kai. Takin zamani ya gagari talaka. Akwai wani Alhaji, kansila a lokacin, wanda kowa ya san buhunan da aka kawo don manoman Durun a sitonsa suke kwana, amma ba mai iya buɗe baki. Sai abokina ya aro kyamarar wani mai ɗaukar biki, ya ce fim ɗin faɗa za mu yi. Tun daga ranar muke ce masa Darakta.

A labarin, wani mugun bos ne a wata ƙasa mai nisa ya kulle gishirin gari gaba ɗaya a ɗaki. Gishiri fari, taki fari, kuma a buhun taki muka zuba shi, don kada wani ya ce bai gane ba. Ni ne bos. Kwana uku Darakta ya sa ni bin bayan Alhaji a kasuwa ina koyon yadda yake jan ƙafa da yadda yake tura hula ƙeya. A ƙarshen fim samari suka fasa ƙofa, suka yi mini dukan tsiya, suka raba wa jama'a gishiri. A gidajen kallo har tsayawa ake yi ana tafi.

Shekaru suka ja. Darakta ya fara samun aikin ɗaukar taron manya, ya yi aure, ya ajiye ɗan tumbi. Da Shari'a ta zo, aka kafa kwamitin dattawa a yankinmu, ba a nuna fim sai sun gani sun yarda. Shugaban kwamitin kuwa ba kowa ba ne sai Alhajin nan, ya bar siyasa, gemu ya yi fari. Darakta ya sayar da babur ɗinsa ya yi sabon fim. Shi ma na faɗa ne, amma yanzu samari masu ƙorafi su ne 'yan ta da fitina, jarumin kuwa wani shugaba ne mai haƙuri, kuma a ƙarshe samarin ke durƙusawa suna neman gafara.

Na ce masa, "To ina Daraktan da ya ce sai an fasa sito?"

Ya ce, "Malam, waccan yarinta ce. Yanzu na gane shugabanci da wuya."

Ko fitowar ɗan aike bai ba ni ba, wai fuskata za ta tuna wa mutane abin da ya wuce. Aikin kunna bidiyo ya ba ni. Wallahi abin ya yi mini ciwo, na dai haɗiye.

Hali ɗaya ne matsi ya koya masa da bai taɓa bari ba: ba ya sayen sabon kaset, a kan tsoho yake naɗar sabo. Wannan karon a kan fim ɗin gishiri ya naɗa, kuma sabon bai kai tsohon tsawo ba. Sau uku yana ja mini kunne. "Da ka ga an rubuta ƙarshe, ka kashe. Don girman Allah."

Ranar da kwamitin zai duba fim ɗin, bayan la'asar aka toshe tagogin ajin da tabarmi, aka ta da janareta, dattawa suka jeru a benci. Fim ya yi ta tafiya kamar ruwan sanyi, har wani malami a gefe ya fara gyangyaɗi. Aka rubuta ƙarshe. Yatsana na kan maɓalli. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni ne na janye hannuna.

Talabijin ta yi shuu, sai ga ni cikin babbar riga, hula a ƙeya, ina jan ƙafa a gaban buhuna ina ihu, "Ko ƙwaya ɗaya ba mai samu!" Mai gyangyaɗi ya wartsake. Na saci kallon Darakta, na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Nan dariyar da nake dannewa ta mutu a cikina. Na tuna babur ɗin da ya sayar, na tuna 'ya'yansa. Na kai hannu zan kashe.

Alhaji ya ce, "Bari. Kada ka taɓa."

Haka ya kalla har aka gama jibgata aka raba gishiri. Sannan ya miƙe, ya dubi Darakta ya ce, "Sabon naka je ka nuna. Ba abin da zai ɓata, ba kuma abin da zai gyara." A bakin ƙofa ya kamo hannuna, ya rage murya.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari. Amma ƙafar hagu nake ja, ba ta dama ba. Tun shekarar da kuka yi shi nake son in gaya maka."

Na ce, "Alhaji, dama ka gani?"

"Sau biyu. Kana tsammanin haka kawai na buɗe siton takin a waccan daminar?"

Ya tafi yana jan ƙafar hagu, ya bar mu baki buɗe. Darakta ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, kuma da gaskiyarsa.

Abin da na koya shi ne, mai shirya fim yakan sauya ra'ayi idan wurin zamansa ya sauya, amma duk yadda ya naɗi sabo a kan tsoho, sai ragowa ta leƙo. Na kuma koyi cewa abincin iyalin mutum ba abin tsokana ba ne, don da Alhaji ya fusata a ranar, da ban san da wane ido zan kalli 'ya'yan abokina ba.