Burkin Gaban da Na Sa Aka Sassauta

Shekarun baya, a kakar wata shekara da ruwa ya cinye gonakin fadama, na zubar wa wani dattijo shinkafarsa a ruwa da keke. Babu wanda ya karye, keken ma yana nan har yau. Amma shinkafar ita ce ɗan abin da ya rage wa mutumin, ni kuma ban san haka ba sai da na gama ɓarnar.

Mu mutanen Haɗeja mun iya keke, gangara ce ba mu sani ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Mutum zai yi shekara talatin yana hawa bai taɓa jin keke ya tafi da kansa ba. In ka daina taka feda, shi ma ya daina tafiya. Saboda haka burki a wurinmu ba wani babban abu ba ne, wanda nasa ya lalace sai ya riƙa jan silifa a ƙasa. Akwai kuma dokar da kowane uba ke kafa wa ɗansa ranar da ya fara koya masa hawa: kada ka taɓa burkin gaba, zai wuntsila da kai. Haka mahaifina ya gaya mini, kuma a nasa keken babu ma burkin gaban, ya kwance ya ajiye tun yana sabo.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai likita ya ce jinina yana hawa, in nemi hanyar motsa jiki. Wani abokina, wanda ya daɗe yana aiki a Jos kafin ya dawo gida, shi ya ja ni harkar keken tsere. Ya samo mini na hannu a Kano, mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba shi da nauyi ko kaɗan. Abin da na fara yi da ya iso shi ne na tura shi wurin mai gyara a bakin kasuwa, na ce a sassauta mini wayar burkin gaba. Mai gyaran ko dalili bai tambaya ba. Ya ce, “Ai gara haka, Malam, wannan kamun nasa ba na mutane ba ne.”

Ranar da muka fara fita abokina ya matsa hannun burkin, ya ji ya tafi luu har ya taɓa ƙarfe.

“Wa ya yi maka wannan aikin?”

“Ni na sa.”

“Kai, mutumina! Wannan shi ne burkin. Na bayan nan rakiya kawai yake yi.”

Na ce masa ni tun ina ɗan shekara bakwai nake hawan keke. Ya ce haka ne, amma duk a kan faranti na yi hawan. Daga nan ya shiga yi mini karatu. In ka zo gangara, ka sauke hannu ƙasa a lanƙwasar kan keken, yatsu biyu a kan kowane burki. Ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka saki kafaɗa. Ka kalli nesa, inda kake son zuwa, ba gaban taya ba. Ka matsa burki biyun tare, a hankali, kuma ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana. Na saurare shi irin sauraren da ake yi wa mai tallar magani a mota. A raina na ce, mutum ya je Jos ya dawo, yanzu keke ma sai an yi masa bita.

Muka yi wajen wata biyu muna fita duk Asabar, ba abin da ya faru, don ba inda zai faru. Har na fara tsokanarsa, in mun zo 'yar kwalbati in ce masa ya shirya, ga dutse nan gabanmu.

Rannan muka nufi wajen Kirikasamma, muka saki babban titi muka bi wata 'yar kwalta da ke shiga ƙauyuka. A yankin akwai dogayen tuddai na yashi tsakanin fadama da fadama. Hanyar ta hau ɗaya daga cikinsu a hankali, har ban lura hawa muke yi ba, na ɗauka ƙafata ce ta gaji. Da muka kai ƙoli abokina ya tsaya shan ruwa. Ni kuwa na ga hanya ta miƙe ƙasa, babu mota, babu dabba, sai na saki keken.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban taɓa jin iska irin wannan a kunnena ba. Ina zaune ƙiƙam, hannuwana a saman kan keken, ina kallon tayar gaba tana cin kwalta, wato duk abin da aka ce kada in yi. Na ji abokina yana ƙwala mini kira daga baya, na ɗauka kirari yake yi mini.

Da na ɗaga kai sai na ga kwana, bayanta kwalbati, ruwa dama da hagu. Kuma tun daga kwanar har kan kwalbatin an shanya shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, a rabin titi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In ruwa ya mamaye ko'ina, kwalta ce kawai busasshen wuri, kowa a nan yake shanya, masu mota kuma sun saba kaucewa. Ni ma da a hankali nake tafe da na kauce.

Na damƙe burki biyun da duk ƙarfina. Na gaba ya tafi a banza, kamar yadda na sa aka mai da shi. Na baya ya kama tayar ta tsaya cak, ta shiga jan ƙasa, keken ya juya gefe. A haka na shiga shanyar. Siririyar taya a kan shanshera ba ta da abin kamawa. Na faɗi ta gefen hagu, ni da keken muka share shinkafar nan muka tafi da ita har bakin kwalbati. Ni na tsaya a nan. Shinkafar ta wuce cikin ruwa.

Mai ita yana zaune a inuwar wata giginya da doguwar sandar korar tsuntsaye. Dattijo ne siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya taso ba da gudu ba, ya ɗaga keken daga kaina, ya kama hannuna ya duba gwiwar da ta saɓule.

“Sannu, ɗana. Ba ka karye ba?”

“A'a, Baba. Don Allah ka yi haƙuri.”

“Alhamdu lillahi.”

Sai a lokacin ya juya ya dubi ruwan. Wata shinkafar tana yawo a saman ruwan, mafi yawa ta nutse, ƙananan kifaye har sun taru. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ɗauko tsintsiya ya fara tattara wadda ta warwatse a titi. Abokina ya iso, muka durƙusa mu ma muna kwasa da hannu, har wadda ta shiga tsagar kwalta dattijon sai da ya sa tsinke ya zaƙulo. Na yi mamakin wannan ƙwaƙwa a kan 'yar shinkafa. Abin da muka haɗa bai fi kwano biyu ba.

Da zai ɗaure bakin buhu ya dubi keken, ya ce, “Wannan dokin naka ba shi da burki ne?”

Na ce yana da shi, har biyu.

“To ɗayan na ado ne?”

Abokina ya sunkuyar da kai. Har muka dawo gida bai ce mini “ai na gaya maka” ba, kuma na fi jin zafin hakan.

Bayan kwana biyu na sayi buhun shanshera mai kyau, na ɗora a babur na kai masa ƙauyen. A hanya ina jin na wanke kaina, har da ƙari. Ya karɓe ni a zaure, aka kawo mini ruwa, ya yi godiya ya sa albarka. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani:

“Za mu ci, Allah ya saka da alheri. Waccan dai ba ta ci ba ce, iri ce. Tun mahaifina muke shuka ta. In ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo, ba ta nutsewa da wuri. Bana ne ya fi ƙarfinta. Kwana huɗu na yi a kwalekwale ina yankar kan da ya leƙo.”

Na tambaya ko akwai mai irinta a kusa. Ya ce duk sun koma ta zamani, mai saurin nuna. Ya ce kwano biyun nan zai shuka, in Allah ya so ruwa ya bar masa, a shekara uku za ta dawo yadda take.

Washegari na mai da keken wurin mai gyara na ce a ɗaure wayar. Na bi abokina muka koma tudun nan, ranar da babu shanya, na yi ta hawa ina sauka. Karon farko da na matsa burkin gaba da gaske, ina jiran in ji ni a sama. Ban wuntsila ba. Na ja jiki baya, keken ya tsaya a inda na ce ya tsaya. Dokar mahaifina ba ƙarya ba ce, wanda ya fizgi burkin gaba yana zaune a miƙe zai sha ƙasa. Doka ce dai ta mutanen da ba su da gangara, ni kuma na ɗauke ta na kai inda ba ta aiki.

Yanzu gangara ba ta ba ni tsoro, kuma ba ta ruɗa ni. Ina kallon nesa, ina rage gudu tun kafin kwana, lokacin kaka kuwa nakan ɗauka cewa bayan kowace kwana akwai shanyar wani. Nakan bi hanyar nan sau da yawa a shekara, ƙauyen dattijon yana gefenta, ana hango zaurensa daga titi. Shekara ukun da ya faɗa sun wuce tuni, kuma biyu daga cikinsu an yi ruwa mai yawa. Ko irin ya dawo, ban sani ba. Ina iya tsayar da keken nan a duk inda na ga dama, amma har yau ban tsaya a ƙofar zauren na tambaya ba.