Na Ce Wa Likitan Soja Lafiyar Yayana Ƙalau

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuto muku wannan. Nakan fara, sai tsoro ya kama ni kada wani ɗan garinmu ya karanta ya gane gidan da ake nufi, sai in yayyaga takardar. Sai da na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa ko faɗin irin wannan yana cikin tona asirin ɗan'uwa. Ya ce muddin ban ambaci suna ba, kuma taimako nake nema, babu laifi. Duk da haka na koma na sake tambayarsa, har ya yi dariya ya ce wasuwasi zai tsufar da ni kafin lokacina. Haka Allah ya yi ni. Ni ne mutumin da zai yi alwala ya kai ƙofar masallaci ya dawo ya sake, don yana shakkar ko ya shafi kunne.

Lokacin da abin ya faru ni magidanci ne ƙarami, manomi a wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci. Bokona bai wuce firamare ba, amma a gidanmu ni ake kira mai ilimi, ni ake turawa duk inda za a yi magana da ma'aikata. Da damina in yi noma, da rani in tafi Watari ƙwadago a lambun albasa da tumatir. Shekarun nan ne da kananzir ya yi wuya, takin zamani ya gagari talaka, mutum ya wuni a bakin titi yana jiran mota. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga soja tun ina yaro, ya kai muƙamin saje. Aka tura su wata ƙasa ta bakin teku kwantar da yaƙi, ya daɗe a can, sannan Allah ya dawo mana da shi babu ko ƙwarzane a jikinsa. Aka ba shi dogon hutu kafin a sallame shi daga aiki, ya kwaso iyalinsa daga bariki ya dawo gida a farkon damina. Baffanmu, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya damƙa masa gonar da ta faɗo a rabonsa. Kowa na yi mana barka, ana cewa gidanmu ya huta tunda za a riƙa samun fansho.

Wanda bai san wajenmu ba sai in gaya masa cewa mu ba mu da daji. Gona tana manne da gona, gidaje kuma a tsakiyar gonaki suke, hanyar da ke tsakani 'yar siririya ce daidai wucewar jaki. Idan dawa ta tashi, daga ƙofar gida zuwa masallaci tsakanin kara za ka bi, ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis. A shuka da noman farko Yaya ya fi kowa ƙwazo, yana ta tsokanata wai ina riƙe fartanya kamar biro. Amma da dawa ta kawo ƙirji sai ya fara canzawa. Zai tsaya a bakin zaure yana kasa kunne, ya daɗe bai taka waje ba. Ya daina bin hanyar masallaci, sai ya zagaya ta burtali inda yake da faɗi, ko da zai rasa raka'a. Wata rana muna dawowa daga gona wata akuya ta ɓullo daga cikin kara a guje. Kafin in ankara ya kayar da ni, ya danne kaina cikin ƙasa, yana raɗa wasu kalmomi na bariki. Da ya gane akuya ce sai ya zauna a kan kunyar gona, gumi ya jiƙa rigarsa. A ranar ne kaɗai ya taɓa yi mini zancen can. Ya ce a waccan ƙasar ciyawar bakin hanya ta fi mutum tsawo, daga cikinta ake fito musu, kuma waɗansu masu fitowar ba su kai ɗansa na fari shekaru ba. Daga nan bai ƙara ba har yau.

Labari ba ya ɓuya a ƙauye. Samarin teburin mai shayi suka samu abin wasa, in zai wuce su tambaye shi ko Saje na bukatar rakiya zuwa masallaci, wani ya ce ashe bindiga ce jarumar ba mai riƙe ta ba. Waɗansu har laɓewa suke yi su girgiza kara don su ga yadda zai zabura. Shi kuwa sai ya ƙirƙiro dariya ya ce da a bariki ne da sun sha tsallen kwaɗo. Mata suka ce iska ce ya kwaso a ƙasar ruwa. Innarmu ta yi ta karɓo rubutu da hayaƙi. Sai ga ikon Allah, ana yanke dawa aka kwantar da kara, fili ya buɗe har inda ido ya tsaya, Yaya ya dawo yadda muka san shi. Yana ci, yana barci, yana taya ni kai taki gona da jaki. Muka ce sauƙi ya samu.

A cikin ranin nan aka aiko masa ya je barikin Kano likitan soja ya duba shi kafin sallama, kuma ya taho da ɗan'uwan da suke zaune tare. Baffa ya kira ni zaure ya yi mini magana a hankali. Ya tuna mini cewa wasu mutanen kirki daga Bici sun fara nema wa ɗansu auren babbar 'yar Yaya, yarinyar ma tana son yaron. Ya ce duk gidan da aka taɓa jingina wa taɓin hankali, har jikoki sai sun sha tambaya wajen aure, kuma ni ma ina da 'ya'ya mata. Ya ce abu ya riga ya wuce, ni ne mai boko, na san yadda zan rufa wa gida asiri. Na ce to. A cikin mota kuma Yaya ya matso kusa da ni, yana kallon waje ta taga, ya ce saje mai igiya uku ba zai iya buɗe baki a gaban hafsa ya ce yana tsoron karan dawa ba, harshensa ba zai ɗauka ba. Amma in an tambaye ni, in faɗi duk abin da na gani, kada in rage komai. Ya ce wanda aka tabbatar ya dawo da ciwo daga bakin daga ana ci gaba da duba shi a asibitinsu kyauta, a ba shi magani, a kuma ƙara masa wani abu a kan fansho. Shi ma na ce masa to.

A barikin muka tarar da tsofaffin sojoji jere a kan benci, wani da sanda, wani ido ɗaya. Wani mai guntun hannu da suka san juna ya rungume Yaya, ya ce shi kuma me ya kawo shi nan da hannu biyu ƙafa biyu, ko ya zo yi musu yanga ne. Suka yi ta dariya. Ni kuwa maganar nan ta shige ni. Na fara lissafi a zuciyata: ga waɗanda ciwonsu ke fili, mu kuma mun zo da mutum garau. Yau lafiyarsa ƙalau, in na ce ba shi da lafiya ban yi ƙarya ba? In aka ba shi abin da ya kamata a ba mai guntun hannu, ba haram muka ci ba? Wasuwasina ya haɗu da maganar Baffa suka zama abu ɗaya.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana, Hausarsa irin ta mutanen gabas. Ya gama duba Yaya ya ce ya jira a waje, ya ba ni kujera, ya kira ni Malam. Ya tambaye ni ko yayana yana samun barci, ko akwai abin da ke firgita shi, ko yakan guji wani wuri. Har cewa ya yi da yawa daga cikin waɗanda suka dawo babu rauni sun fi masu rauni jin jiki, kuma babu abin kunya a ciki. Ƙofa ce ya buɗe mini har bango. Na ce masa lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha yana nomansa. Ya sake tambaya ko tun dawowarsa haka yake. Na ce tun dawowarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya ya yi rubutu. Da na fito Yaya ya tambaye ni ko na faɗa. Na sunkuyar da kai. Ya ce ba komai, mu je kada mu rasa mota. A tasha ya saya mini rogo da ƙuli, ya ce in ci tunda ban karya ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi kyau, dawa ta yi tsawon da aka daɗe ba a gani ba, ciwon kuma ya dawo fiye da na farko. Wata safiya masu fitowa daga masallaci suka iske shi da adda yana sare dawar maƙwabcinmu dama da hagu a bakin hanya, dawar da ta riga ta yi ciki. Da aka riƙe shi ya ce share hanya yake yi don yara su wuce lafiya. A shekarar da kowa ke jiran kaka da yunwa a ciki, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Aka je gaban mai unguwa, aka jinginar da gonar Yaya aka biya mutumin. Baffa ya sa aka kai shi wajen wani mai magani a yankin Kunci, inda aka sa masa mari a ƙafa kamar wanda ya yi sata. Duk lokacin da na je duba shi tambayarsa ɗaya ce, ko an yanke dawa. Ana gama girbi na je na taho da shi, ban nemi izinin kowa ba, kuma wannan ne karo na farko da na saɓa wa Baffa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne mutanen Bici ba su fasa ba. Uban yaron ya zo da kansa ya duba Yaya, ya ce wanda ya samu ciwo a wajen aiki ba abin gudu ba ne, aka ɗaura aure. Ashe asirin da na sayar da lafiyar ɗan'uwana don in rufe, babu ma wanda ya nemi a rufe masa shi.

Na koma barikin don in warware maganata. Aka ce an yi wa likitan canjin wurin aiki. Wanda na samu ya saurare ni, ya ce an sallami yayana a matsayin mai lafiya bisa shaidar ɗan'uwansa, abin da ya same shi daga baya ba su da hanyar danganta shi da aiki. Na je na dawo har na gaji. Fanshon da ake ba shi, in ya zo, a maganin barci na kemis yake ƙarewa. Yanzu shekaru sun ja, furfura ta cika masa kai. Gyaɗa da wake kawai nake shukawa kewaye da ɗakinsa, maƙwabta biyu kuma, Allah ya saka musu da alheri, sun yarda su riƙa barin gajeren amfani a gefen hanyar masallaci. Wannan ya rage, amma bai warkar ba. Na taɓa durƙusawa na roƙe shi gafara, ya ce shi da abin ke jikinsa ya kasa faɗa, yaya zai ga laifina. Ya yafe, ni ne na kasa yafe wa kaina.

Abin da na koya shi ne tsoron yin ƙarya ma yana iya kai mutum ga ƙarya, in bai tsaya ya dubi wanda za ta cutar ba. Na ɗauka taka-tsantsan nake yi, alhali tsoron bakin mutane ne. Ina jan kunnen duk wanda ɗan'uwansa ko mijinta ya dawo daga bakin daga: kada ku tsaya ga ganin gaɓoɓinsa cikakku. Ku lura da barcinsa da abin da yake gudu. In likita ya tambaye ku, ba gaisuwa yake yi ba da za ku amsa da lafiya lau. Ku faɗi abin da kuka gani, ko da a ranar mutumin yana dariya. Samari masu tsokana kuma su ji tsoron Allah, ba su san abin da idon mutumin nan ya gani ba.

Roƙona ga masu karatu, musamman tsofaffin sojoji da ma'aikatan asibiti, shi ne: akwai hanyar da ake sake duba wanda aka riga aka sallama, idan ɗan'uwan da ya ba da shaida ya zo da kansa ya ce ƙarya ya yi? Ina shirye in maimaita haka a gaban kowa, ko da akwai hukunci a kaina. Kuma a ina ake duba irin wannan ciwo a Kano ba tare da an ɗaure mutum ba, kuma talaka zai iya? Wanda ya sani ya taimaka ya aiko ta hannun wannan mujalla, za a karanta mini ko da na rasa ganin fitowar. Don Allah kada a jinkirta kamar yadda na jinkirta, domin a wajenmu shuka ta riga ta kawo gwiwa.