Muryar Mma Fati ta iso bayan rasuwarta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni a tashar Salaga: Mma Fati ta wajen Tempane, kusa da Bawku, ta rasu.

Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Ɗanta ne ya kira ni, ya ce jiya da la'asar ta cika. Ina tsaye ana ƙarasa loda doyata a lori, sai waya ta yi ƙara. Saƙon murya, daga Mma Fati.

Na kira ɗan nata ina faɗa, wane irin wasa ne wannan? Ya ce ba wasa ba ne. Jiya ta yi maganar a ɗaki, babu netwok. Sai yau da ya shiga Bawku sayen likkafani da wayarta a aljihu, saƙon ya taho.

Baiwar Allah nan ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma mu 'yan doyan Salaga ba ma tayar da mota sai mun ji daga bakinta. Surin bayan gidanta take hawa, nan kaɗai netwok ke kamawa, ta kira 'yan kasuwar Bawku, ta faɗa mana abin da ake nema. Kafin ita a makance muke kai kaya, doya ta ruɓe muna kallo. Albasar matan ƙauyensu ma da hoto take samo musu masu saye.

Ganinmu na ƙarshe a Yendi ne. Ta ba ni daddawa in kai wa matata, ta kalli wayata, da yake na sha rasa kiranta, ta ce, "Iddi, wannan ƙatuwar aba duk ba ta iya ɗaukar kira?"

Na buɗe saƙon.

"Iddi ɗana, kada ka zo Bawku, doya ta cika kasuwa. Sauke a Yendi. Gobe na kira ka."

Ga direba yana tambayata ina muka nufa. Bawku nake son zuwa ta'aziyya, ita kuma ta ce kada in zo.

Na ce masa Yendi. Doya za ta sauka inda ta ce, ni in wuce Bawku ta'aziyya.

Allah ya jiƙan Mma Fati, ya haskaka kabarinta. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a.