Ranar da Yaya Spasija Ta Goge Fiyanon Dimko

Shekara talatin da huɗu ina buga wa Dimko ganga a bukukuwan garinmu Prilep, kuma mijin yayata Spasija ne, don haka babu mai ba ni labarinsa. Gajere ne, ga taurin kai kamar jaki, amma in ya ɗora yatsu a kan fiyanon lantarkinsa sai ka yafe masa komai.

Tsohon fiyano ne mai gefen katako, ya saya a hannun wani direban babbar mota tun zamanin Yugoslaviya. Na yanzu maɓalli ɗaya za ka danna ya ba ka sautin da kake so. Wannan kuwa abin murɗawa ashirin da bakwai gare shi, kowanne sai ka saita da hannu. Ga rakin sanyi. Sai an kunna shi ya yi rabin awa yana ɗumama, in ba haka ba muryarsa ta karkace. Da bargo Dimko ke naɗe shi in za mu ƙauye, ni kuwa in daskare a bayan mota, ko oho.

Mahaifinsa mai busa algaita ne, shi ke fito da amare daga gidajensu. Da ya rasu, Dimko ya shekara uku yana murɗe-murɗe har ya samo muryar algaitar tsohon a cikin akwatin nan, da ɗan kukan da take yi a ƙarshen numfashi. Sai ya ɗauki fensir ya ja layi a gefen kowane abin murɗawa. Komai ya kaɗa a biki, in an zo fitar amarya kan layukan nan yake komawa. Na sha ganin ƙatti masu gashin baki suna share hawaye.

A wurinmu Kiristoci ba a biki cikin azumi, kuma kafin bikin Ista mata sai sun wanke gida har bayan kabad. Bara aka sa bikin Bisera, jikar Dimko da Yaya, Lahadin bayan Ista. Dimko ya fita aski, Yaya ta shiga ɗakinsa da tsumma da ruwan tsami. Ta goge fiyano fes har da layukan fensir, ta kuma jera abubuwan murɗawar duk suna kallon sama, wai sun fi kyau haka.

Ina tsakar gida lokacin da ya dawo. Na zaci za a ji ihunsa har kasuwa. Na leƙa na tarar da shi zaune, hannuwa a cinya.

Na ce, "Haba Dimko, kai fa ka samo muryar algaitar nan. Sake nemowa mana, kwana goma ne a gabanka."

Ya ce, "Rufe ƙofar, Kire." Na rufe. "Ba na jin siririn sauti. Shekara shida ke nan, lasifika ta cinye min kunne. Gangarka nake bi, da layukan nan."

Kullum ina gefensa, ban taɓa ganewa ba. Ya ce shi da ya fitar da 'ya'yan mutane ɗaruruwa da algaitar ubansa, ga tasa jikar za ta fita babu.

Sai ƙofa ta buɗe. Yaya ce, hannunta ja da rinin da ake yi wa ƙwai don Ista.

"Kai tsoho, ka zaci ban sani ba? Tun yaushe nake kiranka cin abinci sau uku-uku? Kunna abin nan."

"Ke da kika kashe ni? Me kika sani a kiɗa?"

"Shekara talatin wannan kukan na hana ni jin rediyo ta bango. Kunna, na ce!"

Haka suka yi kwana tara. Shi yana murɗawa a ɗaki, ita tana kicin ta ba shi baya tana murza kullu, don ta ce ta bango ta saba jinta. Ni ne mai kai saƙo, tunda ba ya jin ta daga can. "Ce masa wannan agwagwa ce." "Ce masa ya yi kauri, Babansa bai taɓa mura haka ba." Ya yi zagi, ya murɗa, ya sake. Ban taɓa ganin mutum mai girman kai ya bi umarni haka ba, kuma a nan ya fi burge ni.

Ranar Asabar da hantsi ya ja wani dogon sauti. Na je kicin karɓo hukunci, na tarar ta daina murza kullun, tana goge ido da bayan hannu. Ta ciro fensir daga aljihunta ta ce, "Kai masa."

Ranar biki farfajiya ta cika maƙil. Ya ɗumama fiyanonsa, ya daidaita layuka, ya ɗago ya nemi Yaya cikin mata. Ya danna, ta gyaɗa kai, sannan ya saki hannu. Bisera ta fito, tsofaffi suka fashe da kuka, ni kaina sai da na kuskure bugu biyu.

Da amarya ta shiga mota, ya jawo hannun rigata, ya kawo kunnensa daf da bakina.

"Kire, gaya min gaskiya. Ta yi kama da ta Baba?"