Mil Ashirin na Shiru a Hanyar Ganin Rigar Lamba Goma

Mun tashi da asuba daga East Greensboro, ni da kawuna direban tasi, da Baba, surukinsa, wanda zai koma Maraɗi ranar Talata. Burin Baba ɗaya kafin ya tafi: ya ga rigar sarkin ƙwallon Brazil da ke ajiye a wani gidan tarihi a ƙauyen jihar New York. Ya taɓa ganinsa a Kaduna yana saurayi, har yau bai gaji da labarin ba.

Ni na buga taswirar hanya a laburaren makaranta, shafi huɗu, na bi ta da jan biro. Tafiyar awa goma ce, ƙarfe biyar ake rufe gidan.

Mun wuce gonakin dawakan Summerfield gari bai gama wayewa ba. A duwatsun Virginia muka sha mai, galan kusan dala uku, muka buɗe kular dambun da Anti, matar kawu, ta cika mana. Baba ya kurɓi shayin gidan man, ya ce ruwan wanke tukunya ya fi shi. Sai ya shiga labarin sarkin ƙwallon: yaron da ya koyi ƙwallo da safa cike da tsumma, ba takalmi, ya ɗauki kofin duniya yana ɗan sha bakwai, daga baya ya ƙara biyu.

A Pennsylvania kawu ya hango allon birnin New York, ya karkata dama. Takardata arewa ta ce. Amma ina ni ina gyara wa kawu tuƙi? Na yi shiru har mil ashirin, ina satar kallon agogo.

Da ƙyar na ce, "Kawu, kamar takardar nan ta yi kuskure."

Baba ya leƙo. "Malam mai littafi, takarda ce ta ɓata ko mu?"

Kawu ya tsaya, ya duba. "Tun ɗazu ka sani? Kunyar nan taka sai ta zuba mu a teku!"

Muka juya. Biyar saura kwata muka shiga gidan tarihin. Baba ya goge tabarau, ya daɗe tsaye gaban gilashin da aka ajiye rigar mai lamba goma a ciki.

"Ashe ɗan ƙaramin mutum ne," ya ce a hankali. "A Kaduna na ɗauka ya kai rimi."

Mun kwana a wani ƙaramin masauki, washegari da la'asar muka iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na koyi cewa akwai shirun da ba ladabi ba ne. Ranar Talata, kafin ya shiga jirgi, Baba ya dafa kaina.

"Allah ya yi maka albarka. Amma gobe, ka yi magana tun mil na farko."