Tsagar Sallau Wanzami

Shekara talatin da ɗoriya Sallau yana rataye da zabira a ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski. Askin suna nasa ne, kaciya tasa ce, masuncin da bayansa ya riƙe kuma shi ke kafa masa ƙaho. Hannu kam yana da shi. Aibinsa ɗaya: duk abin da ya kumbura a jikin ɗan Adam, a wurinsa mataccen jini ne, sai a tsaga.

'Yarsa Asama'u ta zo gida wankan haihuwar fari. Kafin arba'in wani jan tabo ya fito wa jaririyar, Ramatu, a goshi, kullum yana ƙara tudu. A wani asibiti a Yelwa likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka cunkushe. Ya ba Asama'u 'yar kwalbar magani, a ɗiga a kan tabon safe da yamma, a shafa da yatsa, a yi haƙurin watanni. Ya ja mata kunne kada a fasa shi.

Sallau ya jujjuya kwalbar, ya taɓe baki. "Wanga ai maganin ido na. Mi yag gama shi da goshi?"

Sati uku tabo bai motsa ba. Abokan hira suka sa shi gaba, wai dama wanzami ba ya son jarfa: 'ya'yan mutane aska, nasa kuwa asibiti. Ranar da Asama'u ta tafi wanki bakin ruwa, ya ɗora jikarsa a cinya, ya yi bisimilla, ya ja tsaga biyu a kan tabon. Jini ya ƙi tsayawa. Ya danne da hularsa, hular ta jiƙe. Ya aika aka kira Asama'u, suka kwashi yarinyar sai asibiti.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Asama'u ta sunkuyar da kai. "Wuƙa ta tak kuɓuce mani ina gyaran kihi." Aka yi mata tatas a gaban jama'a. Sallau yana tsaye a bakin ƙofa, ya bar ta ta ɗauki laifinsa, kuma wannan ya fi tsagar cin ransa.

Sai da ciwon ya warke aka koma kan kwalbar. Cikin wata bakwai jan ya dushe, tudun ya kwanta. Tsaga biyun kam suna nan daram.

Har yau Sallau yana aski. Amma in Ramatu ta rarrafo ta dafa gwiwarsa, ta ɗago kai tana yi masa dariya, ƙasa yake kallo.